Tsohon alƙali da kujerar mulki: Abin da doka ta tanada da hanyar da alƙalan Arewa suka bi

A yawancin gundumomin Amurka, jama'a ne ke zaɓen babban jami'in tsaron yankinsu da ƙuri'a. Sunan muƙamin sherif, kuma masu riƙe da shi sun kai kimanin 3,000 a faɗin ƙasar, galibinsu bisa wa'adin shekara huɗu. Shi ke kula da gidan yarin gunduma da tsaron kotuna da kai sammaci, shi ke sintiri a karkarar da 'yan sandan birni ba sa kaiwa. Tsofaffin 'yan sanda ne suka fi neman kujerar, amma tsohon alƙali ma yana iya fitowa idan ya cika sharuɗɗan jiharsa. Kalmar ba ta da wata dangantaka da sharifan da muka sani. Asalinta daga Ingila ne, inda take nufin wakilin sarki a gunduma.

Manomin Dambatta ko Bichi ko Tsanyawa ba shi da irin wannan kujera a takardar ƙuri'arsa. Yana zaɓen kansila da ciyaman da ɗan majalisa da gwamna, amma DPO turo masa shi ake yi, haka alƙali, haka hakimi. Tunda maganar 'yan sandan jihohi ta sake tasowa, kuma hare-haren 'yan bindiga sun fara taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Katsina, tambayoyi biyu sun cancanci amsa: wa ke riƙe da ikon tsaro da zartar da hukunci a ƙaramar hukuma, kuma shin wanda ya taɓa zama a kujerar shari'a yana da damar neman mulki da ƙuri'a?

Akwai sherif a Najeriya, amma naɗa shi ake yi

Dokar Najeriya ta san muƙamin sherif tun zamanin Turawa, ƙarƙashin dokar da ta tsara yadda ake zartar da hukuncin kotu a shari'o'in da ba na laifi ba. A aikace, babban magatakardan Babbar Kotun Jiha ne ke riƙe da muƙamin, yana da mataimaka da ma'aikatan da ke kai sammaci, su ƙwace kayan wanda ya ƙi biyan bashin da kotu ta yanke, su yi gwanjonsu, su fitar da mutum daga gida ko gonar da shari'a ta ba wani. Ba shi da runduna tasa. Idan ana tsoron tarzoma a wurin zartar da hukunci, sai ya nemi 'yan sanda su rufa masa baya, kuma idan ba su zo ba, hukunci ya zauna a takarda. Duk wanda ya taɓa cin shari'ar gona ya dawo gida ya tarar da abokin shari'arsa yana ci gaba da huɗa a cikinta, ya san bambancin samun hukunci da samun haƙƙi.

Ikon kama mai laifi kuwa yana hannun rundunar 'yan sandan Najeriya. Sashe na 214 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce runduna ɗaya ce tak, ya kuma hana kafa wata a tarayya ko a wani ɓangare nata. Sashe na 215 ya ba gwamna damar bai wa kwamishinan 'yan sanda umarni kan zaman lafiya, amma ya bar wa kwamishinan ƙofar neman a miƙa batun ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Ciyaman na ƙaramar hukuma ma ana yi masa laƙabi da shugaban tsaron yankinsa, yana jagorantar taron tsaro tare da DPO da hakimi da sauran jami'ai, yana taimaka musu da mai da abin hawa, amma ba zai iya ɗauke ko kurtu ɗaya daga inda aka ajiye shi ba.

Me ya sa aka karɓe 'yan doka da kotunan alƙalai

Wannan tsari yana da tarihi, kuma a ƙasar Kano aka rubuta babban ɓangarensa. A zamanin En'e, sarki yana da dogarai da 'yan doka da gidan yari, yana da kotunsa, kuma alƙalan gundumomi ma'aikatan En'e ne. Hakimi ke tara haraji da jangali, ɗan doka ke kamawa, alƙali ke yanke hukunci, dukkansu suna amsa wa fada ɗaya. Da siyasar jam'iyyu ta shigo, aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, sai wannan haɗaka ta zama makami. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai bisa tuhumar yin lacca ba izini ko zagin sarauta, kuma sau da yawa wanda ya kai ƙara da wanda ya kama da wanda ya yanke hukunci suna goyon bayan jam'iyya guda. Abin lura shi ne jagoran wannan gwagwarmaya, Malam Aminu Kano, ɗan gidan alƙalai ne: mahaifinsa Malam Yusuf muhuti ne a kotun Alƙalin Kano, daga zuriyar Genawa da aka sani da shari'a. Daga cikin gida ya san yadda kotu ke lanƙwasa idan mai mulki ya jingina da ita.

Gyara ya zo a matakai. An shigo da kundin hukunta laifuka na Arewa a 1960 tare da kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin soja ta cire kotunan alƙalai daga hannun En'e, ta mayar da su kotunan yanki ƙarƙashin sashen shari'a na jiha daga 1968, ta rushe kotunan sarakuna, sannan aka narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba hakimi da ikon zartarwa. Duk mai jayayya a yau kan 'yan sandan jihohi, ko yana so ko yana ƙi, da wannan tarihi yake magana, ko da bai sani ba.

Giɓin da aka bari bai zauna fanko ba. 'Yan sintiri da 'yan banga sun cike wani ɓangare a ƙauyuka. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003. Gwamnatin tarayya ta haramta ta a 2006 bisa hujjar cewa 'yan sanda ce ta bayan fage, Kano ta kai ƙara Kotun Ƙoli, kotun ta kori ƙarar a 2007 saboda rashin hurumi ba tare da ta yanke asalin gardamar ba. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma tata a Oktoba 2023. Babu ɗaya daga cikin shugabannin waɗannan rundunoni da ake zaɓa da ƙuri'a.

Abin da doka ta ce game da takarar alƙali

Alƙalin da ke kan aiki ba ya siyasa. Ƙa'idojin ɗa'a na ma'aikatan shari'a sun nisanta shi da harkar jam'iyya, kuma tunda Tsarin Mulki ya wajabta wa kowane ɗan takara zama ɗan jam'iyya kuma ita ta tsayar da shi, babu yadda zai yi takara da rigar alƙalanci a jikinsa. Ga ma'aikatan gwamnati gaba ɗaya, sashe na 66 da 107 da 137 da 182 sun ce sai mutum ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓen majalisar tarayya ko ta jiha ko shugaban ƙasa ko gwamna. Sharuɗɗan takarar ciyaman da kansila kuwa dokar kowace jiha ce ke tsara su.

Da zarar ya sauka, Tsarin Mulki bai hana shi takara ba, bai kuma ɗora masa wasu shekarun jira ba. Abin da ya hana shi wani abu ne daban: sashe na 292(2) ya ce wanda ya taɓa riƙe muƙamin alƙalin babbar kotu ba zai sake tsayawa a matsayin lauya gaban kowace kotu a Najeriya ba, ko da me ya raba shi da kujerar. Wato tsohon jojin Babbar Kotun Kano yana iya neman kujerar gwamna, amma ba ya iya kare manomi a rikicin iyakar gona a kotun majistare. Wannan hani bai shafi kowa ba. Sashe na 318 ya taƙaita ma'anar alƙalin da ake nufi ga na Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara da manyan kotuna da kadi-kadin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da takwarorinsu. Majistare da alƙalin kotun shari'ar Musulunci ta gari suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha, kuma su ne alƙalan da mutumin ƙauye ya fi sani, domin a gabansu ake rabon gado da raba aure da shari'ar jinginar gona.

Shekaru ma suna da tasiri. Tun gyaran Tsarin Mulki da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2023, alƙalan manyan kotuna duka suna iya kaiwa shekara 70 kafin ritaya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana guje wa taron jam'iyya, ya fito yana da saba'in, ba shi da wakilai a mazaɓu, ba shi da uban gida, da wuya ya ci zaɓen fid da gwani ko da mutuncinsa ya kai ina.

Mamman Nasir: daga siyasa zuwa kotu zuwa rawani

Rayuwar Mai Shari'a Mamman Nasir ita ta fi nuna yadda waɗannan hanyoyi suka sarƙe a Arewa, sai dai shi ta bayan hanya ya bi: siyasa ya fara yi kafin alƙalanci. An haife shi a 1929 a ƙasar Katsina, ya yi Kwalejin Kaduna, ya karanta shari'a a Landan, aka rantsar da shi lauya a 1955, cikin rukunin farko na 'yan Arewa da suka samu wannan shaida. Ya yi aikin lauyan gwamnati, ya kasance na kusa da Sardauna Ahmadu Bello a NPC, aka naɗa shi Ministan Shari'a na Jihar Arewa a 1961, ya riƙe har juyin mulkin Janairu 1966. Shekarun nan su ne na fara aiki da sabon kundin laifuka, kuma su ne shekarun da 'yan adawa ke kuka da kotunan alƙalai.

Faɗuwar jamhuriya ta farko ba ta kawo ƙarshen aikinsa ba. Ya ci gaba da aikin lauyan gwamnati a Jihar Tsakiyar Arewa, wadda daga baya ta koma Jihar Kaduna, sannan aka ɗaga shi zuwa Kotun Ƙoli a 1975. A 1976 ya jagoranci hukumar daidaita iyakokin jihohi. A 1978 ya zama Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara bayan rasuwar shugabanta na farko, Mai Shari'a Dan Ibekwe, ya zauna a kujerar har 1992. Shekara goma sha huɗu ke nan, a ƙarƙashin Obasanjo da Shagari da Buhari da Babangida. Ɗan siyasar jamhuriya ta farko ya zama shugaban kotun da ke bin Kotun Ƙoli a daraja, kuma ba shi kaɗai ya yi irin wannan tsallake ba: Udo Udoma ya yi majalisa a shekarun 1950 kafin ya zama alƙali, har ya shugabanci kotunan Uganda ya dawo Kotun Ƙolin Najeriya.

A shekarar da ya bar kotu aka naɗa shi Galadiman Katsina, hakimin Malumfashi. Idan akwai muƙamin da ya yi kama da na sherif na asali a ƙasar Hausa, wato idon sarki a gunduma, to hakimci ne. Hakimi ba ya kama mutum yanzu, ba ya ɗaure shi, amma ta hannun dagatai da masu unguwanni yake sanin baƙon da ya sauka da shanun da suka ɓata da burtalin da aka nome, kuma rikicin gado ko na manomi da makiyayi yakan mutu a zaurensa kafin ya kai kotu. Tsohon shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ya koma yana sauraron irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe shekara 27.

Siyasa ba ta rabu da shi ba. Janar Sani Abacha ya ɗora shi kan kwamitin aiwatar da shirin miƙa mulki ga farar hula, shirin da ya ƙare da jam'iyyu biyar ɗin da aka yi wa rajista suka tsayar da Abacha ɗan takararsu tilo a Afrilu 1998, kafin rasuwarsa ranar 8 ga Yuni. Wannan babi ne da masu yabon Galadima suka fi son wucewa da sauri, alhali shi ne ya fi koyar da darasi game da yadda gwamnatoci ke aron mutuncin tsohon alƙali su lulluɓe abin da suka riga suka shirya. Ya rasu a Afrilu 2019. Wanda ya gaje shi a sarautar, Mai Shari'a Saddik Abdullahi Mahuta, tsohon Babban Jojin Jihar Katsina ne.

Rawani ya fi ƙuri'a jan su

Malumfashi ba ita kaɗai ba ce. Ibrahim Sulu-Gambari ya bar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya zama Sarkin Ilorin a 1995. Lawal Hassan Gummi ya ajiye shugabancin Babbar Kotun Abuja a 2013 ya zama Sarkin Gummi a Zamfara. Sidi Bage Muhammad ya sauka daga Kotun Ƙoli a 2019, tun lokacin ritayarsa bai yi ba, ya zama Sarkin Lafia. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin 'yan Arewan da suka fara samun ilimin boko mai zurfi 'ya'yan sarauta da malamai ne, don haka gadon gidansu na jiransu. Sarauta kuma ta yi kama da alƙalanci wajen zama da kamewa da sauraro, ba ta buƙatar hawa mumbari a zagi abokin hamayya.

Waɗanda ba su bi rawani ba, kwamitoci da hukumomi suka ɗauke su. Victor Ovie-Whiskey ya shugabanci FEDECO a zaɓen 1983, Ephraim Akpata ya shugabanci INEC a zaɓen 1999. Muhammadu Lawal Uwais na Zariya, Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1995 zuwa 2006, ya jagoranci kwamitin gyaran zaɓe da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007. Cikin shawarwarin da ya miƙa a Disamba 2008 har da ba da damar takara ba tare da jam'iyya ba, wadda da an karɓa, da ita ce ƙofar da ta fi dacewa da tsohon alƙali. Ba a karɓa ba. Dahiru Musdapher, ɗan Babura a tsohuwar arewacin Kano, ya yi Babban Jojin Kano daga 1979 zuwa 1985, ya kai Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2011, ya miƙa wa Aloma Mariam Mukhtar a 2012; dukkansu biyu sun ƙare aiki ba tare da sun nemi kujerar zaɓe ba.

Kada a ɗauka sarauta mafaka ce daga siyasa. Marigayi Mukhtar Adnan, Sarkin Ban Kano kuma hakimin Dambatta, ya yi majalisar tarayya a jamhuriya ta farko yana hakimi, domin a lokacin babu katanga tsakanin biyun. Yanzu akwai katangar a takarda, amma mutanen Bichi sun ga an ƙirƙiri masarautarsu da dokar majalisa a 2019, an kuma rushe ta da wata dokar a Mayu 2024, hakimai suka koma inda suka fito.

Haɗarin da ke ciki, da abin da ake rasawa

Masu adawa da takarar tsohon alƙali suna da hujja mai ƙarfi: ranar da ya ɗaga tutar jam'iyya, kowane hukuncin da ya taɓa yankewa sai an sake auna shi. Brazil ta ga haka. Sergio Moro ya yanke wa Lula hukuncin ɗauri a 2017, ya karɓi kujerar ministan shari'a a gwamnatin Bolsonaro a 2019, Kotun Ƙolin ƙasar ta ce ya nuna son kai a shari'ar a 2021, shi kuma ya ci zaɓen sanata a 2022. A Amurka, Charles Evans Hughes ya ajiye Kotun Ƙoli a 1916 ya nemi shugabancin ƙasa, ya faɗi, ya dawo ya shugabanci kotun a 1930. A Kenya, David Maraga, wanda kotunsa ta soke zaɓen shugaban ƙasa na 2017, ya bayyana niyyar neman kujerar da kansa. A nan gida ko kusanci kaɗai ya isa tayar da ƙura: Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa ta janye daga sauraron ƙarar zaɓen shugaban ƙasa a 2019 bayan PDP ta yi ƙorafin cewa mijinta zaɓaɓɓen sanatan APC ne.

A ɗaya ɓangaren, ƙaramar hukuma a karkarar Kano tana buƙatar wanda ya san doka fiye da yadda ake zato. Wannan yanki yana cikin mafi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Gona tana gādo tana raguwa daga kaka zuwa jika, babu saura, babu daji, kowace kunya da mai ita. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallakar gargajiya a filayen karkara, don haka sa hannun ciyaman yana iya kashe rikici ko ya haifar da shi. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya kuma haramta shugabannin riƙo, abin da ya ƙara wa kujerar nauyi idan an aiwatar da shi. Majistare ko alƙalin kotun shari'a da ya yi shekaru yana rabon gado a Makoda ko Bagwai ya san cutar yankin fiye da ɗan kwangilar da aka kawo daga birni.

Sai dai hanyar shiga tana hannun jam'iyya mai mulki. A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 26 ga Oktoba 2024, wanda aka yi cikin umarnin kotuna masu karo da juna, hukumar zaɓen jiha KANSIEC ta bayyana NNPP a matsayin wadda ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansiloli 484 gaba ɗaya. A zaɓen da ya gabace shi, na Janairu 2021, APC ce ke mulki, ita ma ta kwashe duka 44.